Sayen Sabuwar Aska: A Duba Ƙarfe, Kada A Duba Ƙyalli

Idan kaka ta yi a ƙasar Madarumfa, gero ya shiga rumbu, sanyi ya sauka, sai hidimomi su taso. Lokacin ne ake yi wa yara kaciya, ake ɗaura aure, wanzamai kuma su sabunta kayan zabirarsu. Magidanta da yawa su ma sukan nemi askar kansu, domin sun ji gargaɗin malaman asibiti game da aski da aska ɗaya. Wannan shawara ce mai kyau. Amma wace aska za a saya? A kasuwannin Madarumfa, Gabi, Ɗan Isa da babbar kasuwar Maraɗi akwai ta kirki, akwai ta banza, kuma a ido duk suna ƙyalli.

Iri uku ne a kasuwa

Ta farko ita ce askar maƙeranmu. Maƙeri yakan ƙera ta da ƙarfe mai ƙwari, kamar tsohon magagari ko sifirin na mota. Bayan ya fitar da siffarta, sai ya mayar da ita wuta ta yi ja, ya tsoma ta cikin ruwa ko mai, sa'an nan ya ɗan sake ɗumama ta. Sirrin aikin yana nan. In taurin ya gaza, baki ya lanƙwashe. In ya yi yawa, baki ya ɓantare.

Ta biyu ita ce mai naɗewa cikin mariƙinta, wadda ake kawowa daga waje ta hanyar Maraɗi, ko daga Kano da Katsina ta kan iyakar Jibiya. Ta uku kuwa mariƙi ne kawai da ake saka masa rabin reza, a yi aski da ita, a jefar.

Tambari ba shaida ba ne

Garuruwa uku sun yi suna a ƙirar aska: Solingen a Jamus, Sheffield a Ingila, da Thiers a Faransa. Saboda yawan masu satar suna, Jamus ta kafa doka a 1938, ta sabunta ta a 1994, wadda ta hana buga sunan Solingen a kan kayan da ba a can aka ƙera su ba. Dokar ba ta hana masu jabu buga sunan a wasu ƙasashe ba, domin buga tambari ya fi ƙera ƙarfe sauƙi.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan Turai suka ƙara tsada a Nijar. Askar Solingen ta gaske takan ci kuɗin da ya ninka na askar maƙeri sau da yawa. Saboda haka in ka ga mai wannan tambari ana sayar da ita kuɗin ƙwaryar gero, ka san ba ita ba ce. Araha ba ta ado.

Abubuwa shida da za a duba

Manomin da ya iya zaɓen lauje ba zai kasa zaɓen aska ba. Kada a yi cinikin biri a sama. A karɓi askar a hannu, a fita da ita haske.

1. Baki. Ka fuskantar da bakin sama, rana ta haske shi. Baki mai kaifi ba ya walƙiya. Duk inda ka ga farin layi ko ɗigo yana ƙyalli, wurin ya dakushe ko ya ɓantare.

2. Miƙewa. Ka kwantar da ita a kan madubi, ka juya ɗaya gefen. In tana rawa, ta karkace, kuma ba za ta zauna daidai a kan dutsen washi ba.

3. Tauri. Da izinin mai kaya, ka goga ƙaramin magagari a hankali kusa da baki, ta wajen gindi. In ya zame bai ci ba, ƙarfen ya yi tauri. In ya kama ya ci, ƙarfen gwangwani ne, komai kyansa.

4. Fenti. Wasu askake an shafe su da farin ruwan ƙarfe don su yi sheƙi. Ka duba gefe da wajen ƙusa. In yana ɓarewa, abin da ke ƙasa zai yi tsatsa.

5. Sabuwa ce ko tsohuwa? Akan goge tsohuwar aska a sayar a matsayin sabuwa. Alamarta ita ce baki ya cinye a tsakiya, bayanta ya yi faɗi saboda yawan washi, ga ƙananan ramukan tsatsa da baƙin datti a mahaɗa.

6. Mariƙi. Ƙusa ta kama sosai, kada ta yi lakwai-lakwai. A guji mai tsaga ko mai naɗin fata da zare, domin nan jini ke maƙalewa.

Gargaɗi ɗaya: kada ka gwada kaifin aska a damtsenka cikin kasuwa. Ba ka san mutum nawa suka gwada ta kafin ka zo ba. Ka gwada a kan guntun fatar akuya mai gashi.

Lissafin riba

A ce wani ya sayi aska ta dala 100, ta mutu cikin wata biyu. Maƙwabcinsa ya sayi ta jika 2 wurin maƙerin da ya sani, ta yi masa shekara biyu. Na farko zai sayi goma sha biyu a wannan tsawon lokaci, ya kashe jika 6. Bayan wannan, maƙerin garinku yana nan. In askar ta ba ka kunya, ka san ƙofar gidansa. Mai tallar da ya zo ranar kasuwa kuwa ya wuce.

Inda lafiya ta shigo

Dakusasshiyar aska ba ta yanke gashi, tana fizgarsa, tana yagar fata, ta bar ƙofa ga cuta. Ƙwayar ciwon hanta mai suna hepatit B tana iya kwana 7 da rai cikin busasshen jinin da ido ba ya gani. Sida, wadda aka fara ganowa a Nijar a 1987, ita ma tana bin jini. Tetanos, mai sandarar da jiki ya kulle haƙora, ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Allurar rigakafin hepatit B ta shiga jerin alluran jariran Nijar a 2008, don haka manya da yawa ba su samu ba.

Saboda haka a kiyaye waɗannan. Kowace aska, ko yau ta fito daga maƙera, a wanke ta da sabulu, a tafasa ta minti 20, a bar ta ta bushe, a shafa mata ɗan mai don tsatsa. A nan askar maƙeri wadda take ƙarfe zalla ta fi, domin tana jure tafasa. Gogawa a tafin hannu ko a fata ba ta kashe cuta. Wadda aka yi aiki da ita a jikin dabba kada ta taɓa mutum. Ranar suna da ranar kaciya, uba ya kai tasa askar, ko sabuwar reza da za a ɓare a gabansa, kowane yaro da tasa. Haka ma ungozoma wajen yanke cibiya.

Wanzamai iyayenmu ne a wannan sana'a, kuma da yawa cikinsu sun riga sun karɓi wannan tsari. Wanda ya nemi a tafasa aska bai raina wanzami ba. Kare ɗansa yake yi, yana kuma kare sunan mai aikin. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.