Hoto da Ginin Ƙasa: Abin da Katin Matafiya Ya Adana da Abin da Ya Bari



Duk wanda ya taso daga Katsina zai tafi Daura ta hanyar Mashi, ya bar hasumiyar Gobarau a bayansa, rijiyar Kusugu kuma tana jiransa a gaba. Waɗannan wurare biyu an ɗauki hotonsu har ba iyaka. Amma Mashi da ke tsakani, da zaurukanta da rumbunanta, baƙo mai na'urar ɗaukar hoto yakan wuce ta ne da mota, sai dai in ya tsaya shan ruwa. Wannan tsallake da ake yi wa garuruwan kan hanya shi ne abin da nake so mu duba yau, domin yana da nasaba da irin tarihin da zai rage mana.

Dalili kuwa shi ne, ginin ƙasa ba ya zama wuri ɗaya kamar na dutse. Magini ya jera tubali, ya ɗora azara, ya fid da zankwaye, a shafe da makuba ko laso. Damina ta zo ta ci rabonta, da rani a sake yaɓe. Kowane yaɓe kuwa da hannun mai shi: zanko ya ƙara kauri, dagin da ke bisa ƙofa ya sake kama, wani lokaci a shafe adon ɗungum. Saboda haka soron da kakanka ya shiga, ko yana nan tsaye, ba shi ne kake gani ba sosai. Hoto kaɗai ke iya cewa ga yadda yake a shekara kaza.

Kafin na'ura ta iso ƙasar nan, da alƙalami ake yi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina da Kano a 1851, ya hau Dala ya zana birnin daga sama. Katin gidan waya kuwa an fara shi a ƙasar Ostiriya a 1869, kafin ƙarshen ƙarnin aka shiga buga hotuna a jikinsa. Mutanen Turai masu zuwa shan iska a duwatsun Suwizalan suna cikin waɗanda suka mai da shi abin yayi, kowa ya aika wa na gida hoton tsauni da ƙanƙara a kansa. Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya biyo baya cikin 'yan shekaru, sai wannan al'ada ta biyo su. Ba mu da tsaunin ƙanƙara, amma muna da Dala da Goron Dutse da Kufena. Daga baya ma aka sami wani irin dutse na buhuna, watau dalar gyada, wadda ta cika katuna, yau kuwa babu ko ɗaya sai a hoto.

To, kada mu raina waɗannan katuna don an yi su ne saboda ciniki. Wani Bafaranshe mai hoto da ke zaune a Dakar, Edmond Fortier, ya ratsa Jenne ta ƙasar Mali a 1906, ya ɗauki kangon tsohon masallacinta. Shekara guda bayan haka aka gama sabon ginin da duniya ta sani yanzu. Masu binciken yadda tsohon yake har gobe suna komawa ga katinsa. Haka nan tsohon masallacin Juma'a na Kano, na ƙasa, wanda aka maye gurbinsa da na siminti wajen 1950: wanda bai riske shi ba, tsofaffin hotuna ne za su nuna masa siffarsa.

Amma kati yana da aibi biyu. Na farko, mai bugawa abin da zai sayu yake nema: ƙofar gari, ƙofar fada, marina, hawan salla. Duka daga waje ne. Alhali gwanintar maginin Hausa a ciki take, a bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake lanƙwasa azara da ƙasa su riƙe rufin ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya shiga masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya san abin da nake nufi. Irin wannan sai mutane kamar Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, suka bi shi da awo da zane da hoto, har aikinsa ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Aibi na biyu shi ne rashin kwanan wata. Hatimin gidan waya yana gaya maka ranar da aka aika da kati ne kurum. Hoton da ke jikinsa ana iya ɗaukarsa shekara goma ko ashirin kafin nan, tun da masu bugawa sukan yi ta maimaita tsohon hoto muddin yana sayuwa. Ɗalibin da ya ɗauki wancan kwanan wata ya ɗora wa gini ya yi kuskure tun daga tushe.

Ga wanda zai ɗauki hoton ginin ƙasa, lokaci shi ne rabin aikin. Da tsakar rana haske yakan faɗo daga sama, bango ya fito sumul kamar ba a yi masa ado ba. Da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da rana ta karkata, kowane zane yakan yi inuwarsa. Hazon hunturu kuma yana dusashe launi. Yana da kyau a tsai da mutum a bakin ƙofa don a gane tsawon gini, a kuma ɗauki bango ɗaya sau biyu, bayan damina da bayan yaɓe. Cikin gida kuwa sai da iznin maigida, wannan ba sai na faɗa wa Bahaushe ba.

A gari kamar Mashi, magabatan magina suna raye, sun san wanda ya gina zauren wane, da shekarar da aka rushe soro aka sa kwano. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke zaune a garin ya fi kowane baƙo damar zama da su, ya ɗauki hoton, ya kuma rubuta tare da shi sunan unguwa, da sunan magini, da shekara, da watan da aka ɗauka.