Me ke faruwa a bangon jijiyar jininka?

Yau mun ajiye siyasa gefe. Ƙanwata mai sikila ce, kuma daren da ciwonta ya tashi na ƙarshe, ina riƙe da hannunta nake tambayar kaina: wai me ke faruwa ne a cikin jijiyoyin nan?

To, ga abin da na karanto. Cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tal, ana ce mata endotiliyom. Da can an ɗauke ta kamar shafen siminti a bangon rijiya. Sai a 1980 Robert Furchgott ya nuna ashe ita ke umartar jijiya ta saki jiki ta buɗe. Saƙon da take aikawa wata iska ce, naitirik oksaid, kuma kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1998 tare da wasu mutum biyu.

Furotin da ke haɗa iskar sunansa eNOS, amma fa ba ya aiki shi kaɗai. Idan wani furotin mai suna kabiyolin ya riƙe shi, shiru kake ji. Da kalsiyam ya ƙaru, sai kalmodulin ya zo ya kwance shi. Sannan idan jini na gudu yana gogar bangon, wani furotin, Akt, yakan liƙa masa ɗan guntun fosfet a gurbi na 1177, aiki ya kankama. Ɗan guntun nan, kamar makunnin fitila yake. Kun ga ɗaya daga dalilan da motsa jiki ke yi wa jijiya amfani ke nan.

Ta yaya aka sani? Nan ne ya burge ni. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su, daga jijiyar igiyar cibiyar jarirai ake samo su, abin da mu muke binnewa bayan haihuwa. Tun 1973 ake renon su a ɗakin gwaji. Sai a fasa su, a jefa ƙugiyar da ke kama furotin guda, duk wanda ke manne da shi ya biyo. Daga nan a daddatsa su, a auna nauyin kowane gutsure da na'ura. Wanda ya ɗauki fosfet, nauyinsa kan ƙaru da kusan dalton 80. Ka ji yadda ake kama shi.

A sikila, jajayen ƙwayoyin jini na saurin fashewa, abin da ya zubo daga cikinsu ya shanye iskar nan. Jijiya ta tsuke, bangonta ya yi danƙo, ƙwayoyi su liƙe, hanya ta toshe. Wannan yana cikin abin da ke sa ƙanwata kuka da tsakar dare.

Masu karanta bayokemistiri da ke ƙorafin wai kwas ɗin ba shi da kasuwa, ku rubuto min, ina son jin ta bakinku. Sai shiri na gaba.