Wayar Hannu Da Tarbiyyar 'Yan Mata: Nauyin Da Ke Kan Shugabannin Makarantu

Daga Wakilinmu

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar hannu ta soma yaɗuwa a Nijeriya, aikin shugabannin makarantun 'yan mata ya ƙara nauyi. A da, katangar makarantar kwana da idon malamai sun isa su tsare yarinya. Yanzu kuwa baƙo yana iya isa har ɗakin kwana ta hanyar wayar da aka ɓoye ƙarƙashin matashi, ba tare da ya bi ta gaban mai gadi ba.

Saboda haka ne makarantu da dama suka hana ɗalibai riƙe waya. Hanin yana da hujja, gama rahoton Hukumar UNESCO na 2023 ya yi gargaɗi cewa waya tana ɗauke hankalin ɗalibi daga karatu. Amma fa hani kaɗai ba zai biya bukata ba. Tun 2015 Hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta zama ta kwamfuta. Yarinyar da ta shekara shida ba ta taɓa na'ura ba, za ta shiga jarrabawar da rauni. Haka kuma in ta koma gida hutu, waya tana jiranta, alhali ba wanda ya nuna mata ladubban amfani da ita.

Tarihinmu yana da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da dattawan mata masu mutunci, waɗanda ake kira jaji, ta aike su ƙauyuka suna koya wa mata addini da kyawawan halaye. Shugabar makaranta ta yau tana bukatar irin waɗannan mataimaka: malamai mata da suka san na'ura, waɗanda kuma ɗalibai ba sa jin tsoron kawo musu kuka in wani ya dame su ta waya.

Ya kamata a buɗe ɗakin kwamfuta a lokatai ƙayyadaddu, malama na lura. Darasin addini kuma ya shafi zamani: Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari, ta kuma hana giba, hukuncin nan kuwa ya hau kan saƙon WhatsApp kamar yadda ya hau kan harshe. A taron iyaye da malamai, wajibi ne a daidaita dokar gida da ta makaranta, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.