Ramin Gawayi da Darasin Gonakin Gidan Rumji

Ba a haƙar gawayin ƙasa a Gidan Rumji, amma amsar tambayar da ke damun masu haƙarsa tana cikin gonakinta. A Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙo gawayi domin samar da lantarki ga ma'adinan yuraniyom na Arlit. Duk inda aka yi irin wannan haƙa, sai an kwashe ƙasar sama mai rai an bar tulin tsakuwa. Ran da aka ce an gyara wurin, da me za a gane gaskiya? Ba da yawan dashen ranar biki ba, sai da yawan itacen da ya ci rani biyar yana tsaye.

Mutanen jihar Maraɗi, inda Gidan Rumji take, sun san wannan da hujja. Dashe da yawa da aka yi bayan farin shekarun 1970 sun mutu. Abin da ya yi albarka shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa wajen 1983: manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi a kututturen gawo ko kalgo, ya sare sauran, ya kare shi daga awaki. Da masana irin su Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. A Ɗan Saga ta Agiye, kwamitin ƙauye ne ke tsaron itatuwa daga masu sara.

Wani zai ce ƙasar ma'adinai ba ta da kututture, kuma ruwan Agadas bai kama ƙafar na Maraɗi ba. Gaskiya ne, dabarar ba za ta ƙaura yadda take ba; can sai an adana ƙasar sama an maido ta. Abin da zai ƙaura shi ne tsarin sa ido. Wani kuma zai ce tauraron ɗan'adam ya wadatar. Hoto yana nuna kore, amma ba ya faɗin ko dabba na cin ganyen, balle ɗanɗanon ruwan rijiya.

Saboda haka hukuma ta wajabta awon ƙasa da ruwa tun kafin a sa diga, a riƙa maimaitawa duk shekara, makiyayan yankin suna cikin masu ƙidaya. Gyaran da ba a bibiya ba, alkawari ne kawai.