BABI NA BIYU: ZAMANIN TASHEN MAJIGI DA SILIMA A ƘASAR KANO, TARE DA DUBA MATSAYIN MAKOƊA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda kallon fim ya shigo ƙasar Kano, da lokacin da ya yi tashe, da kuma dalilan da suka sa ya dushe. Za a dubi al'amarin ta fuskar mutanen karkara, musamman na ƙasar Makoɗa, wadda take arewacin Jihar Kano, tana maƙwabtaka da Ɗambatta, hedikwatarta kuma tana Koguna. Dalilin yin haka shi ne, mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan fanni ya tsaya ne a kan birni, alhali kuwa manomin karkara ya san fim ta wata hanya dabam da wadda ɗan birni ya san shi.

2.1 Bambancin Majigi da Silima

Sau da yawa akan ɗauki majigi da silima a matsayin abu ɗaya, amma idan aka lura za a ga suna da bambanci ta fuska uku. Na farko, majigi na hukuma ne, ita take kawo shi, kuma kyauta ake kallo, silima kuwa ta 'yan kasuwa ce, sai an yanki tikiti. Na biyu, majigi shi yake bin mutane har ƙofar gida, silima kuwa mutum ne yake takawa ya same ta. Na uku, manufar majigi ita ce wayar da kai da yaɗa manufofin gwamnati, ita kuwa silima nishaɗi take sayarwa. Kalmar majigi an aro ta ne daga sunan da Turawa suke kiran wata fitila mai haska hoto a jikin bango. Haka kuma Hausawa sun yi wa wannan baƙon abu laƙabi da dodon bango, wanda yake nuna irin tsoro da mamakin da aka karɓe shi da su.

2.2 Majigi a Karkara

Wani Bature jami'in kiwon lafiya a Legas mai suna William Sellers shi ne ya yi fice wajen amfani da fim domin faɗakar da jama'a a kan annoba da tsabta. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, aka kuma ɗora shi a kansa. An rufe wannan sashe a 1955, amma aikin bai tsaya ba, domin Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ci gaba da tura motocin majigi lungu-lungu.

Yadda abin yake gudana shi ne, mota ce take zuwa ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim da farin ƙyalle da lasifika. Akan sanar da hakimi ko dagaci tun da wuri, shi kuma ya sa a yi shela. Idan duhu ya yi sai a kafa ƙyalle a dandali ko a ƙofar gidan mai gari, jama'a su taru. Tafinta yana tsaye yana bayani da Hausa, don haka abin da mai kallo ya fahimta ya dogara ƙwarai a kan bakin tafintan. Akan nuna labarun gwamnati, da darasin noma ko na lafiya, sannan a saka na barkwanci domin kada mutane su watse.

Yawancin waɗannan finafinai an gina su ne a kan zubi ɗaya, wato a kawo mutum biyu, ɗaya ya bi shawarar ma'aikacin gwamnati ya ci riba, ɗayan ya ƙi ya yi nadama. Sellers ya ɗauka cewa mutumin Afirka ba zai iya bin hoto mai saurin canjawa ba, saboda haka ya sa aka riƙa ɗaukar finafinan a hankali, ba tare da yawan yanke hoto ba. Wannan zato na raini ne, kuma yadda Hausawa suka rungumi finafinan Indiya masu sarƙaƙiyar labari ya isa ya ƙaryata shi. Fim ɗin da ya fi zama a zukatan mutane daga wannan rukuni shi ne Baban Larai, na shekarun 1950, wanda aka yi domin koyar da noman auduga na zamani.

Ƙasa irin ta Makoɗa, mai garuruwa kusa da kusa da gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake, ita ce ainihin irin wurin da aka yi majigi dominsa. Gwamnati tana bukatar amfanin gona na sayarwa, manomi kuma shi ne mai samar da shi. Wani abin lura shi ne, tun da hukuma ce ta kawo shi, kuma a gaban mai gari ake yin sa, majigi bai samu mummunan sunan da silima ta samu ba.

2.3 Gidajen Silima a Birnin Kano

Gidan silima na Rex, wanda aka buɗe a 1937, shi ne ya share fage a Kano. 'Yan kasuwa Kwarori su ne suka riƙe wannan harka, kuma gidajen farko duk a wajen ganuwa aka gina su, inda baƙi suke zaune. Daga baya aka samu irin su El Dorado da Plaza da Wapa da Orion da Marhaba.

Abubuwa biyu ne suka ƙara ɓata sunan silima a idon dattawa. Na farko shi ne gobarar gidan silima na El Duniya a ranar 13 ga Mayu, 1951, inda mutum 331 suka rasu daga cikin kimanin 600 da suke kallo. Mutane da yawa sun fassara wannan musiba da cewa horo ne daga Ubangiji. Na biyu shi ne buɗe Palace a unguwar Jakara a 1952, wato a cikin ganuwa, kusa da Kasuwar Kurmi, abin da ya jawo zazzafar adawa daga malamai da samari. Daga nan silima ta zama wurin da ake danganta shi da bariki, macen da ta shiga kuwa ba a yi mata kallon mutunci. Masanin nan Brian Larkin ya yi cikakken bayani a kan wannan a littafinsa na 2008.

Ga mutumin karkara, hanyar sanin silima ita ce cin rani. Idan aka gama girbi matasa sukan shigo birni neman kuɗi, su yi dako ko ga-ruwa ko leburanci, kuma gidajen silima na Fagge da kewaye suna kusa da wuraren da irin waɗannan baƙi suke sauka. Wanda ya kalla yakan koma gida da labari, ya zauna a dandali ya warware shi tun daga farko har ƙarshe. Ta haka ne fim ya shiga sahun hirar dare, ya zama kamar tatsuniya, har wanda bai taɓa ganin allon silima ba yana iya sanin sunan jarumi.

2.4 Finafinan Indiya

Da farko finafinan Amurka da na Ingila aka fi nunawa, musamman na kaboyi. Daga shekarun 1950 Kwarori suka fara shigo da na Indiya, kuma cikin ɗan lokaci suka danne sauran, duk da cewa masu kallo ba sa jin harshen. Dalili shi ne kamancin al'ada. Bahaushe ya ga rawani da doguwar riga da mayafi, ya ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ya ga girmama iyaye da auren tilas da rikicin mai kuɗi da talaka. Har laƙabi aka yi wa 'yan wasan, misali Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Misalin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne Mother India, na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis kuma ta fito a matsayin Radha. Labarin ya faro ne daga bashin da aka ci domin hidimar biki, inda mai ba da bashin ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona. Mijin Radha ya rasa hannuwansa a wajen aikin gona, ya bar gida don kunya, ambaliya ta zo ta cinye abin da ya rage, ita kuwa ta ja garma da kanta ta reni 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta domin kare mutuncin wata 'yar gari. Manomin da ya san bashin damina, ya san mutuwar san noma, ya san yadda biki yake cinye rumbu, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari. Wannan ne ya sa aka daɗe ana maimaita shi a gidajen silima na Arewa shekaru da dama bayan fitowarsa.

Tasirin finafinan Indiya bai tsaya a gidan kallo ba. Ya shiga waƙoƙin bandiri, inda masu bege suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya, ya kuma shiga littattafan soyayya na Kano.

2.5 Finafinan Hausa na Farko

Kafin zuwan bidiyo an yi finafinan Hausa a kan zaren silima, kodayake ba su da yawa. Mafi shahara shi ne Shehu Umar, na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shehu. Labarin yaro ne da aka sace tun yana ƙarami, aka ratsa hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, shi kuwa daga baya ya zama babban malami. Bayansa an yi irin su Ruwan Bagaja da Maitatsine da Ƙasarmu Ce da Kulɓa Na Ɓarna.

Abin takaici shi ne Shehu Umar ya ɓace wa masu kallo shekaru masu yawa. Sai a 2016 aka gano zarensa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas, aka kai shi Jamus aka gyara, sannan aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Idan fim mai wannan daraja zai iya shiga irin wannan hali, to ƙananan finafinan majigi sun fi shi shiga haɗari.

2.6 Dalilan Dushewa

Dalili na farko shi ne talabijin, wadda ta kawo fim cikin gida, ta kuma bai wa matan kulle damar kallon abin da a da ba su da hanyar gani. Na biyu shi ne faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya sa sayo fim daga waje ko ɗaukar sa a kan zare ya yi tsada ƙwarai. Na uku shi ne kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo a Kano, kuma zuwa 1999 da Sangaya ya fito kasuwar ta riga ta bunƙasa. A karkara, mai janareta da akwatin talabijin ya maye gurbin motar majigi. Na huɗu shi ne sauyin da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, waɗanda suka ƙara tsaurara ƙa'idojin nuna fim.

2.7 Yadda Ya Kamata a Auna Tsohon Fim

Mai nazari zai yi kuskure idan ya auna fim ɗin 1957 ko na 1976 da ma'aunin kyan hoto na yau. Wannan bincike ya zaɓi ma'auni huɗu. Na farko jigo, wato ko saƙon yana da alaƙa da rayuwar mai kallo. Na biyu zubi da tsari, wato yadda aka ƙulla labari aka warware shi. Na uku taskace al'ada, domin a cikin tsohon fim ana ganin sutura da gine-gine da kayan aiki da karin harshe waɗanda wasunsu sun ɓace. Na huɗu shi ne yanayin kallo, domin fim ɗin da aka kalla a dandali tare da tafinta ba ɗaya yake da wanda aka kalla a waya ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wanda yake son fahimtar rawa da waƙa da jigon soyayya a finafinan Hausa na bidiyo dole ne ya koma ga wannan tushe.

2.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa fim ya iso ƙasar Kano ta hanya biyu, majigin hukuma da silimar 'yan kasuwa, kuma mutumin karkara irin na Makoɗa ya sadu da na farko a ƙofar gida, na biyu kuma ta hanyar cin rani. An kuma ga dalilan tashen silima da na dushewarta, da ma'aunan da za a bi wajen nazari. Shaidar wannan zamani tana wuri biyu ne, a cikin gwangwanayen fim masu lalacewa da kuma a cikin kawunan dattawan da suka kalla, waɗanda kullum raguwa suke yi. A babi na gaba za a ɗora waɗannan ma'aunai a kan Shehu Umar da Mother India ɗaya bayan ɗaya.