Batir na mutuwa kullum? Karanta wannan kafin ka sayi altaneta

Idan kana da tsohuwar mota a Daura, ko kana lodi da Golf ko Sharon zuwa Kano ta Kazaure, ko J5 gare ka mai cin kasuwar Mai'adua, ka san wannan ciwon kan. Da safe ka murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ka kai batir caji, kwana biyu ya sake kwanciya. Ka sayi sabo, bayan sati uku shi ma ya bi sahun na farko. Daga nan sai a ce maka altaneta ce. To, tana iya zama ita ce, tana iya zama ba ita ba. Kuma ko da ita ce, ba kowace altaneta da ta shiga gurbin ba ce ta dace da motarka. Bari mu bi abin daki-daki.

Me altaneta take yi?

Ɗauki batir a matsayin randa, altaneta kuma mai ga-ruwa. Aikin batir shi ne ya tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ba fitilu, fanka, famfon mai da rediyo wuta, sannan ta mayar wa batir abin da aka ɗiba. Idan mai ga-ruwa ya daina zuwa, ko sabuwar randa ka sayo ƙafewa za ta yi.

Tushen aikinta shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831: idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, lantarki na haihuwa a cikin wayar. A cikin altaneta, fambel ne ke juya wani dunƙulen ƙarfe mai naɗin waya a tsakiya. Ƙananan gawayi guda biyu da ake kira buroshi ne ke kai masa 'yar wutar da ke mayar da shi maganaɗisu. Yana juyawa, koyil ɗin tagulla da ke kewaye da shi na samar da wuta. Sai dai wutar mai kai-da-komo ce, irin ta gida, batir kuwa mai tafiya gefe ɗaya yake sha. Shi ya sa aka sa dayod, galibi guda 6, masu barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. Na ƙarshe shi ne ɗan na'urar da masu rewaya ke kira ai-si, wanda ke tsare ƙarfin wutar a kusan bolt 14, kada ta yi ƙasa, kada ta yi yawa. Kafin altaneta, dainamo ake sa wa motoci. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara fitar da mota ta kasuwa da altaneta a 1960, saboda ita tana caji ko da inji na tafiya a hankali.

Auna kafin ka saya

Mitar auna wuta, irin ta masu gyaran sola da rediyo, ta ishe ka. Ka juya ta kan DC 20, ka ɗora jan tsinke a kan + na batir, baƙi a kan –.

Mota a kashe, bayan ta huta sa'o'i: cikakken batir na nuna kusan 12.6. Idan ka ga 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12, batir ya yi ƙasa sosai, a fara caja shi kafin a yanke hukunci a kan altaneta.

Mota a kunne: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna fitilu da fanka, ka ɗan taka totur. Idan ta tsaya sama da 13.5, altaneta na aikinta, laifin na wani wuri ne. Idan ta faɗi zuwa 12 da ɗoriya, ba ta caji. Idan kuma ta haura 15, ai-si ya lalace, tana dafa batir ne. A zafin Afrilu da Mayu na Daura, da ke haura maki 40, irin wannan na ƙafar da ruwan batir nan da nan.

Ko mitar ta nuna babu caji, duba abubuwa uku masu araha tukuna. Na ɗaya fambel: idan ya saki ko ya yi santsi, zamewa yake yi, shi ne ƙarar nan da kake ji da safe. Na biyu kan batir da wayar da ta haɗa inji da jikin mota: tsatsa da farin garin nan na cinye wuta a hanya. Na uku, wanda mutane ba su cika sani ba, jar fitilar batir ta dashbod. A yawancin tsofaffin motoci, ta cikin wannan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tada maganaɗisun altaneta. Idan ka murɗa makulli fitilar ba ta kama ba, ƙwan ko wayarsa na iya zama duk matsalar.

Gargaɗi ɗaya: kada ka yarda a cire kan batir mota na kunne don a ga ko za ta mutu. Gwajin zamanin dainamo ne. Batir ne ke shanye tsallen wuta, idan ka cire shi wutar na iya tashi lokaci guda ta ƙone dayod, ai-si, ko kwamfutar motar.

Idan ta tabbata ita ce, me za ka duba?

Lamba. A jikin tsohuwar akwai takarda ko tambari mai sunan kamfani, lambar kaya, da rubutu irin 14V 90A. Ɗauki hotonta. Motocin Volkswagen da Peugeot galibi Bosch ko Valeo suke zuwa da ita, Toyota kuma Denso. Cewa "ta Golf 3" kawai bai isa ba, don Golf 3 ɗin kanta akwai mai 70A, akwai mai 90A, akwai mai 120A, gwargwadon inji da kayan da ke cikin motar. Mafi sauƙi dai, in za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen mai shago a nan gida, ka tafi da tsohuwar a hannu.

Amfiya. Wannan shi ne yawan wutar da take iya bayarwa. Yi lissafi: wat daidai yake da bolt sau amfiya. Fitilun gaba biyu masu wat 55 sun zama 110, ka raba da 14, kusan amfiya 8 ke nan. Ƙara fankar lagireto, famfon mai, filogi da iyakwandishan, za ka ga cikin sauƙi ka kai 50 ko 60. Ga kuma abin lura: lambar da ke jikinta ana samun ta ne idan inji na gudu sosai. A tsaye a tasha, ko a layin binciken hanya wajen Kongolam da dare, abin da take bayarwa bai fi rabi ko ɗan sama da haka ba. Zafi ma na rage ta, don tagulla na ƙara taurin kai wajen wuce da wuta da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane maki ɗaya na zafi. Saboda haka kada ka sayi wadda ta gaza ta asali. Idan ka ƙara fitilu ko manyan lasifika, ka ɗan hau sama.

Amma fa babba ba ita ce mafi kyau kullum ba. Ba za ta ɗura wa mota wutar da ba ta nema ba, wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka ja wutar da yawa, siririyar tsohuwar wayar da ke zuwa batir za ta yi zafi, fambel guda siriri kuma ya riƙa zamewa. Kuma wutar ba kyauta ba ce: altaneta mai 90A idan tana cikakken aiki, kusan ƙarfin doki 3 take ja daga inji, a man fetur ɗinka za ka biya.

Ƙafafu da fuli. Ramukan ɗauri su zo daidai ba tare da an lanƙwasa ko an yi walda ba. Fuli, wato ƙaramar tayar da fambel ke hawa, ta zama iri ɗaya: Peugeot 504 na amfani da fambel mai kwari ɗaya, motocin baya-bayan nan kuma mai faɗi mai layi-layi. Ƙirga layukan. Idan fuli ta karkace ko da kaɗan, za ka yi ta canza fambel.

Soket. Duba bayanta. Tsofaffin na Turai na da babban noti B+ da ƙaramin D+. Na Toyota da yawa na da soket mai baki uku: S, IG da L. Wasu na sababbin motoci kuwa kwamfuta ce ke ba su umarni, idan ka sa wa tsohuwar mota ba za su yi caji yadda ya kamata ba, ko da sun shiga gurbi tsaf. Idan motarka mai gas ce, kamar wasu Hiace, duba ko akwai famfon iska manne a bayan altanetar. Wannan famfon ne ke taimaka wa birki, kada ka karɓi wadda ba ta da shi.

Sabuwa, 'yar Beljiyam, ko gyara?

Sau da yawa abin da ya ƙare buroshi ne, ko ai-si, ko boris. Ƙurar hunturu da man da ke ɗiga daga inji su ke haɗuwa su zama taɓo su cinye su. Idan koyil bai ƙone ba, mai rewaya ƙwararre zai canza waɗannan, ka ci gaba da ta asalinka, wadda galibi ta fi sabuwar da ba a san kamfaninta ba. Idan 'yar Beljiyam za ka ɗauka, juya fuli da hannu: ta tafi sumul, babu gurnani, babu girgiɗi. Leƙa koyil, ya zama launin tagulla, ba baƙi mai warin ƙuna ba. Sabuwa kuwa, idan ta fi tsohuwarka rashin nauyi sosai alhali lambarsu ɗaya, ka yi shakka, don tagulla nauyi gare ta. Ko wacce ce, ku yi magana da mai kaya tun farko cewa za ka dawo da ita in ba ta yi ba.

Ranar ɗaurawa, a cire kan – na batir kafin a taɓa komai, a toshe inda mai ke ɗiga, kuma a caja batir ya cika a waje. Altaneta an yi ta ne don ta riƙe batir a cike, idan ka bar mata matacce ta tayar, wahalar na rage mata kwana. Bayan an gama, sake ɗora mita, fitilu da fanka a kunne. Ka ga 13.8 zuwa 14.5, sannan ka biya kuɗin aiki.