Ƙwan da ya ƙi mutuwa

Tun da ƙwayayen lantarki na LED suka kori tsohon gulob mai zafi daga kasuwa, wani ƙorafi ya shiga majalisu: an kashe makunni, amma ƙwan yana nan da haske dishi-dishi cikin dare, wani ma yana ƙyaftawa jefi-jefi. Masu mitar kati sun ce ɓarawo ne, yana shan kuɗinsu suna barci. Wasu sun ɗora laifin kan kayan Sin. Har tofi an yi a wasu ɗakunan. Kaɗan ne ke tambayar wa ya taɓa makunnin kwanan nan.

Waya biyu ke zuwa ga kowane ƙwai. Ja, ko mai ruwan ƙasa a sabon tsari, ita ke kawo wuta mai ƙarfin bolt 230. Baƙa, ko shuɗiya, ita ke mayar da ita. Ƙa'ida ita ce makunni ya zauna a kan mai kawowa. Amma a kan kowace ka ɗora shi, ƙwan zai kunnu kuma ya mutu, kuma a nan ne maganar da ke ƙona min rai take fitowa daga bakin mai gyara: "Alhaji, ga shi yana aiki, me kuma ya rage?"

Saura da yawa. Makunnin da ke kan wayar komawa kamar manomin rani ne da ya toshe mafitar fangali ya bar mashiga a buɗe: ruwa ya daina gudu, amma fangalin cike yake. Kamar ka garƙame ƙofar baya ne alhali ɓarawo yana zaure. Ko ka take wutsiyar kumurci ka ce da yara su zo, an gama da shi. Ɗaki ya yi duhu, sai dai wutar na kwance a bakin holda tana jiran yatsan wanda zai hau kujera ya canja ƙwai, ƙafa babu takalmi, a kan siminti mai laima. Abin da bai wuce miliyamp 30 ba, idan ya ratsa ƙirji, yana iya hargitsa bugun zuciya.

Tsohon gulob ne ya yi shekaru yana rufa wa wannan aika-aika asiri. Mai wat 60 sai ya sha kusan rubu'in amfiya yake ba da cikakken haske, don haka 'yar wutar da ke tsiyaya ta bango da wayoyin da ke maƙwabtaka ba ta ko motsa shi. LED kuwa kamar jariri ne, cokali ɗaya ya ishe shi. Yana tara tsiyayar a cikinsa, ta cika ya ƙyafta, ya sake tarawa. Abin da mita ke ci a nan bai taka kara ya karya ba. Don adalci, makunni mai 'yar jar fitila a jikinsa ma yana jawo irin wannan hasken ko da haɗin daidai ne.

Testa ce ke raba gardama. Mai gyara ya kashe makunni ya taɓa cikin holda; idan ta kama, haɗin a juye yake. Amma ya gwada da wutar NEPA, domin ƙananan janareto da yawa wayoyinsu biyun duka suna kunna testa. In kuwa kowane ɗaki haka yake, a daina zargin makunni, a duba wajen mita ko inda ake sauya layi zuwa janareto, can aka musanya wayoyin.

Sauran matsalolin bayan canjin makunni ba su da wuyar ganewa, bayan an sauke babban fiyus. Ƙwai ya ƙi kamawa sam: galibi makunni mai ramuka uku ne, aka cusa wayoyin a L1 da L2 aka bar COM fayau. Ana dannawa fiyus na yankewa: an haɗa mai kawowa da mai mayarwa kai tsaye. Ɗakin kusa ya mutu: wayar da ke miƙa masa wuta ta zame daga sukurunta. Kuma baƙar waya a cikin akwatin makunni ba lallai ta zama mai mayarwa ba, sau da yawa ita ke ɗaukar wuta zuwa ƙwan, shi ya sa gwanaye ke naɗa mata jan tef.

A 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, wadda ke ba masu aikin waya shaidar ƙwarewa, take kuma da alhakin duba haɗi. A unguwarmu dai masu tsani sukan zo yankan wuta ba fashi, amma ban taɓa ganin wanda ya zo ya kwance makunni ya leƙa ba. Mu ma masu gidajen, in an ce dubu biyu sai mu nemo yaron da zai yi a ɗari biyar, da testarsa da ta fashe a aljihu.